Hukuncin neman sanin ƙasa, ruwa, itatuwa da yanayin inda mutum yake zaune

Tambaya

Malam, ni a birni aka haife ni, a nan kuma na yi karatu. Duk sanda na je ƙauyenmu sai in ga kakana ya san sunan kowace bishiya da kowace ciyawa, ya san ƙasar da take yin gero da wadda take yin dawa, yana kuma lissafin cewa tauraro kaza ya kama. Na fara zama da shi ina rubuta abin da yake gaya mini, don na ga ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Sai wani abokin karatuna ya ce ina ɓata lokaci a kan ilimin da ba za a tambaye ni a kabari ba, kuma lissafin taurari ma shirka ne. Shin in daina? Mene ne matsayin wannan ilimi a shari'a?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai tambaya, kada ka daina. Asalin wannan ilimi halal ne, yana zama abin lada idan aka yi shi da niyyar lura da ayoyin Allah ko amfanar da bayinSa. Wani yanki nasa wajibi ne a kan kowane baligi, namiji da mace, saboda akwai ibadun da ba sa inganta sai da shi. Wani yanki kuma farali ne na kifaya: idan babu ko mutum ɗaya a gari da ya san shi, duk garin suna da laifi. Maganar taurari kaɗai ce take buƙatar rarrabewa, kuma za ta zo a wurinta.

Abokinka ya yi gaskiya da ya ce ba za a tambaye ka sunan bishiya a kabari ba. Amma ba za a tambaye ka likitanci ko lissafin rabon gado a can ba, kuma babu malamin da ya ce a bar su saboda haka. Ba da tambayar kabari kaɗai ake auna ilimi ba.

Ka buɗe Suratu Faɗir, aya ta 27 da ta 28. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci ruwan da Yake saukarwa, da 'ya'yan itatuwa masu launi daban-daban, da zane-zanen da ke jikin duwatsu farare da jajaye da baƙaƙe, da sassaɓawar mutane da dabbobi, sannan a daidai nan Ya faɗi cewa masu ilimi ne suke jin tsoronSa daga cikin bayinSa. Mutane da yawa sun haddace ƙarshen ayar, suna kafa hujja da ita kan falalar malamai, amma ba su lura da abin da ya gabace ta ba. A Suratul Gashiya kuma, da Allah Ya kira mutane su yi duba, raƙumi Ya fara ambata, domin shi ne dabbar da Balarabe yake kwana da ita yake tashi da ita. Ke nan tunani yana farawa ne daga abin da ke gaban mutum. Wanda yake wuce gawo da kirya kullum bai san bambancinsu ba, ya rufe wa kansa wata ƙofa ta wannan ibada.

A sunna ma haka. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya ga mutanen Madina suna barbarar dabino, ya nuna yana ganin ko ba a yi ba zai yi kyau, sai suka bari, dabinon bai yi albarka ba a shekarar. Da suka gaya masa sai ya mayar da al'amarin gare su, ya nuna cewa su ne suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Shi mutumin Makka ne, wadda ba ƙasar shuka ba ce, su kuwa sun gāji dabino kaka da kakanni. A ranar Hijira, shi da Sayyidina Abubakar sun ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ ya yi musu jagora alhali a lokacin yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanyoyin. A Badar kuma malaman tarihi sun kawo cewa Hubabu bin Munzir, wanda ya san rijiyoyin wurin, ya ba da shawarar a sauya masauki, Annabi (S.A.W) ya karɓa. To idan an karɓi wannan ilimi daga wanda ba musulmi ba, ina ga kakanka mai salla?

Inda fiƙihu ba ya tafiya sai da shi

Malamai suna cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Littafi yana ba ka hukunci, amma ɗora hukuncin a kan tafkin garinku ko gonarku aikinka ne, kuma ba za ka iya ba sai ka san su.

Ɗauki babin da kowane ɗalibi yake karantawa a Ahalari da Ishmawi da Risala, wato babin ruwa. An koya mana cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canja da abin da yake rabuwa da shi a galibi ba a tsarki da shi. Idan najasa ce ta canja shi, ya zama najasa. Idan abu mai tsarki ne, kamar sabulu ko nono, ana iya amfanin gida da shi amma ban da alwala da wanka. Wanda kuwa ya canja saboda mazauninsa, kamar laka ko gishiri ko kanwar da ke ƙasan wurin, ko saboda abin da ya tsiro daga cikinsa kamar gansakuka, wannan yana nan da tsarkinsa. Saboda haka jan ruwan tafki a farkon damina ana alwala da shi, haka ruwan rijiyoyin da ke da ɗanɗanon kanwa a ƙasar Manga da wasu sassan Borno. Amma tafkin da ya ja baya a rani har kashin shanu ya canja shi, Shehu Halil a Muhtasar ya sa shi cikin wanda canjin yake cutar da shi, ya kuma kawo sauƙi a rijiyar ƙauye da ganyen bishiya ko ƙaiƙayi ya canja, saboda wuyar kiyayewa.

Duk wannan yana komawa ga tambaya ɗaya: me ya canja ruwan? Mutumin da bai san inda ruwansu yake fitowa ba ba zai iya amsawa ba. Wanda yake zaune kusa da rafin Jakara a Kano, ko a ƙasan inda masana'antun jima suke zubar da ruwansu, idan ya ga ruwa ya yi baƙi yana wari ba zai ce ai launin mazauninsa ne ba. Na sha samun wannan mas'ala daga matan aure: rijiyar gida ta fara wari, shin a yi alwala da ita? Abin da nake fara tambaya shi ne, ina shaddarku take, ina ta maƙwabta, kuma ta wane ɓangare ƙasar unguwar take gangarawa? Idan shakka ce tsagwaronta, ruwa yana nan a kan asalinsa na tsarki. Idan kuwa shadda tana jikin rijiya, kuma warin irin nata ne, an wuce shakka. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsu, shaddar kuma ta kasance a gangare. A gidajenmu na birni da ake yanka fili ƙanana wannan yana da wuya, shi ya sa sanin ya ƙara zama dole.

Sai alƙibla. Da yawanmu mun tashi da cewa alƙibla ita ce gabas, gabas kuma inda rana take fitowa. Wannan ba daidai ba ne gaba ɗaya. A Kano da kewayenta alƙibla gabas ce mai karkata zuwa arewa da kamar digiri 22. Ita kuma rana ba wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. A ƙarshen watan Yuni tana fitowa ne kusan daidai saitin alƙiblarmu, daga nan ta riƙa zamewa kudu, har a ƙarshen Disamba, tsakiyar sanyi, tazarar da ke tsakanin mafitarta da alƙibla ta kai kamar digiri 45. Gaskiya ne wanda yake nesa da Ka'aba fuskantar jiha ake nema a gare shi, kuma ƙaramar karkata an yafe. Amma matafiyi ko makiyayi da ya bi mafitar rana a lokacin hunturu, ya ƙara ɗan karkata dama a kan haka, yana iya fita daga jihar. Ga hanya mai sauƙi ta gyara masallacin gida: sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai kan Ka'aba, wato wajen 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da wajen 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sandar da aka kafa a miƙe kuma tana nuna kishiyarta.

Haka lokutan salla. La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, wato ragowar inuwar da take nan lokacin da rana take tsaka. Ladanan da muka taras suna auna wannan da tafin ƙafa, suna lissafa tsawon mutum ƙafa bakwai. A ƙasarmu inuwar zawali tana kai kusan ƙafa biyar a ƙarshen Disamba, sai La'asar ta shiga a ƙafa goma sha biyu. A ƙarshen Afrilu da wajen 20 ga Agusta kuwa rana tana bi ta saman kai, inuwar ta shige ƙarƙashin mutum, La'asar ta shiga a ƙafa bakwai. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, ba arewa ba. Wanda ya ɗauko jadawalin inuwa daga littafin da aka rubuta don Masar ko Maroko ya ɗora a nan zai yi kuskure, domin a can inuwar tsakar rana ba ta faɗawa kudu. Yau agogo da waya sun ɗauke mana wannan wahala, alhamdu lillahi. Sai dai waya tana mutuwa, kuma jadawalin da ke cikinta ɗan Adam ne ya tsara shi. Ya kamata a kowane masallaci a sami wanda zai iya gwada shi da inuwa.

Zakkar amfanin gona ma tana bin yadda ruwa yake zuwa wa gonar. Idan an kai nisabi, wato wusƙi biyar, sa'i 300, abin da ruwan sama ko ambaliyar fadama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka shayar da jigo ko injin ban ruwa kuwa ɗaya bisa ashirin. Wanda ruwa yake gangaro masa da kansa ta magudana, kamar yadda yake a yawancin filayen Kadawa da Kura, a mazhabar Malik ɗaya bisa goma ne ko da ya biya kuɗin ruwan. Gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi. Malamin da bai taɓa taka gona ba zai sha wuya kafin ya ba manomi fatawa daidai a nan.

Haƙƙin jama'a da kauce wa cuta

Annabi (S.A.W) ya hana biyan buƙata a kan hanyar mutane da inuwarsu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, a ruwayar Abu Dawuda an ƙara da mashayar ruwa. Ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Mu da muka yi wanka a kududdufi muna yara mun san tsargiya, har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, cuta ce. Mai ɗauke da ita yana fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga wani ƙaramin dodon koɗi, daga nan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Wanda ya san wannan ya ga wani ɓangare na hikimar hanin da idonsa, kuma zai fi tsayawa a kansa.

Rashin sanin abin da ke cikin ƙasa yana kashewa. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da ita, ana kawo su cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta sauka inda yara suke rarrafe. Iyayen nan ba su yi nufin cutar da 'ya'yansu ba, neman halal suka fita. Haka sha'anin ambaliya. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a 1994, ta sake ɓallewa a Satumbar 2024. Shekara talatin ta isa a haifi mutum, ya yi aure, ya sayi fili, bai taɓa ganin ruwa a wurin ba. Tsoho ne zai gaya maka cewa nan hanyar ruwa ce. Saboda haka kafin ka sayi fili, tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. Wanda kuma ya san filinsa kwari ne mai cin ruwa, ya sayar da shi da rani ya ɓoye, ya ɓoye aibi, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa.

Game da itatuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk musulmin da ya dasa ko ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito narko mai tsanani kan sare magarya, ya kuma fassara shi da magaryar daji da matafiya da dabbobi suke sha inuwarta, a sare ta don wasa da zalunci. Amma wace bishiya za ka dasa, wace za ka bari a gona? Nan ilimin kakanka yake shigowa. Ka tambaye shi gawo. Bishiya ce da Allah Ya juya mata lokaci: tana zubar da ganye da damina, ta yi kore da rani. Don haka ba ta tare wa shuka rana, ganyenta ya zama taki, 'ya'yanta su zama abincin dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da suka sha inuwarta su bar taki a gindinta. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na gefe. Sarakunan Damagaram na da sun tsananta hukunci a kan sare shi, ba a banza ba.

A yankin Maraɗi, bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoma sun koma ga wata dabara da ake kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututturen sabara da kalgo da sauransu a ƙone, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka bishiyar tana tashi da sauri fiye da dashe, ba ta kuma buƙatar ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ni a ganina wannan ya fi bikin dashen itatuwa da ake yi a ɗauki hoto, a tafi, awaki su cinye kafin sati. Kakanka zai kuma gaya maka cewa idan ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya yawaita a gona, ƙasar ta gaji, tana neman taki ko hutu ko a sauya mata shuka.

Ruwan kogi shi ma yana da haƙƙi a kansa. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin Annabi (S.A.W) kan rafukan Madina, cewa na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu sannan ya sake wa na ƙasa. To ka san wa ke ƙasanka? Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are, su zama kogin Yobe da ke zuba a Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa a can ƙasa ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, jan baki ya sami maɓoya a cikinta, manoma da masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Ba ina cewa madatsun ba su da amfani ba, garuruwa da yawa suna ci suna sha daga gare su. Ina nuna maka ne cewa abin da aka zuba ko aka tare a sama yana isa ga musulmin da ba ka taɓa gani ba. Haka burtali da makiyaya da hurumin gari. Annabi (S.A.W) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi littafi a kan hukuncin filaye mai suna Ta'alimur Radi. Da yawa daga rigingimun da ake zubar da jini a kansu yau suna farawa ne daga burtalin da aka nome ko mashayar da aka toshe, kuma waɗanda suka san iyakokin na asali suna ta ƙarewa. Idan kakanka yana cikinsu, rubuta wannan kafin komai.

Maganar taurari

A nan abokinka yana da abin da ya dogara da shi, sai dai bai rarrabe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu bin Halid Aljuhani cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi (S.A.W) ya ba da labari daga Ubangijinsa cewa bayi sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarSa ya yi imani da Allah, wanda ya jingina shi ga tauraro ya kafirce maSa. Hadisin ingantacce ne, babu wasa a cikinsa.

Malamai sun kasa mas'alar. Wanda ya ƙudurce cewa tauraro ne yake yin ruwa ko yake saukar da shi, wannan kafirci ne. Wanda ya ce Allah ne Mai yi amma tauraron sababi ne, ya yi kuskure kuma an hana, domin Allah bai sanya shi sababi ba. Wanda kuwa ya ɗauki tauraro alamar lokaci kawai, kamar yadda za ka ce watan Agusta ruwa yakan yi yawa, wannan babu laifi, kuma Imam Shafi'i ya yi bayanin haka a fili. Alƙur'ani da kansa ya ambaci shiryuwa da taurari a Suratun Nahli, ya ambaci masaukan wata don sanin ƙidayar shekaru da lissafi a Suratu Yunus.

Lissafin da manomanmu da malaman zaure suke yi na kashi na uku ne. Masaukai 28 ne, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari, kuma Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha suna cikin na damina. Dalilin buƙatarsa a fili yake: shekarar wata tana gaza ta rana da kamar kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa cikin zafi da sanyi. Manomi ba zai iya tsayar da lokacin shuka da Rajab ko Sha'aban ba, dole ya nemi ƙidayar da take tafiya da damina. Wannan kalanda ce, ba duba ba ce. Haka zuwan shamuwa gab da faɗuwar ruwa, da juyawar iska daga ta gabas mai ƙura zuwa ta kudu maso yamma mai laima, da hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara. Duk alamu ne da aka gane ta hanyar al'adar da Allah Ya gudanar, suna iya dacewa suna iya saɓawa.

Abin da za ka kiyaye shi ne lafazi da zuciya. A ce an yi mana ruwa da falalar Allah a cikin Ɗarfa, kada a ce Ɗarfa ta ba mu ruwa. Idan ka ji irin wannan a bakin kakanka, mafi yawan zato lokaci yake nufi, sai ka gyara masa lafazin cikin ladabi, ba a gaban mutane ba. Wanda aka haramta ba tare da saɓani ba shi ne duba tauraro don sanin sa'ar aure ko tafiya ko arzikin jariri. Wannan bokanci ne ko da an rubuta shi da Larabci.

Ba kuma duk abin da tsoho ya faɗa ake ɗauka ba. Abin da ya gani ya jarraba shekara da shekaru, kamar wace ƙasa ce jigawa wace ce fako, wace ciyawa ce take kumbura dabba, a wane lokaci kububuwa take yawaita a gona, wannan ilimi ne. Abin da ya shafi cewa tsamiya kaza tana da mai ita sai an yi mata yanka, ko kukan tsuntsu kaza mutuwa yake kira, wannan camfi ne, Musulunci ya rushe shi. Camfi yana ɓarna har a kan halittu: ungulu da muka taso muna gani a kowace mahauta ta kusa ƙarewa a garuruwa da yawa, kuma cikin dalilan akwai farautarta da ake yi ana sayar da sassanta ga masu tsubbu, alhali ita ce take share mushe kafin ya zama cuta. Magungunan itatuwa kuma ka rubuta su, amma kada ka ba wa mara lafiya sai ka tambayi masana, don a cikinsu akwai mai amfani akwai mai lahani ga ƙoda da hanta.

Shawarata, kada ka tsaya a zaure kana rubutu. Ka bi shi gona da daji gwargwadon ƙarfinsa, ya nuna maka abin da idonka, ka ɗauki hotonsa da wayarka, ka rubuta sunan da lokacin da yake fure da inda yake fitowa. Ka tambaye shi abin da yake nan da yana yaro wanda yanzu babu, da abin da suka ci a shekarun yunwa. Kada ka manta da kakarka da sauran tsofaffin mata, domin sanin ganyayen miya irin su tafasa da rama da yaɗiya, da itacen da hayaƙinsa yake cutarwa, da yadda ake adana iri, yawanci a hannunsu yake. Ke ma 'yar'uwa mai karanta wannan, hukuncin ya haɗa da ke, kuma ke kika fi kusa da ruwan da gida yake sha. Wanda kuma ba shi da ƙauyen zuwa, ya fara da unguwarsu: daga ina ruwan famfo ko na 'yan garuwa yake zuwa, ina kwatar gidansu take ƙarewa, wane kududdufi aka cike aka yi gini a kansa.

Sharaɗi ɗaya ne: kada wannan ya hana ka karatun farillan da ke kanka. Ka ci gaba da zuwa darasi tare da abokinka, ka kuma nuna masa wannan amsa. Zaman da kake yi da kakanka kuwa, ko ba ka rubuta komai ba, sada zumunci ne da girmama na gaba.

Wallahu a'alam.